Tsohon giris ya daskare a jikin firam ɗin ƙofa, da me zan cire shi ba tare da na ɓata fenti ba?

Abban Nana:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu fenti da kafintoci, da duk wanda ya taɓa fama da irin wannan.

Wata biyu ke nan da tarewarmu a gidan da muke ciki yanzu. Akwai ɗaki guda a gefe wanda mutumin da ya tashi ya mayar wurin gyaran injina. Ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba, amma na san tsawonsa, domin ya bar mini shatin hannunsa a jikin ƙofa. Ni so nake in mayar wa yara ɗakin wurin karatu. Bango ya sha sabon fenti, daɓe ya wanku tas, sai firam ɗin ƙofa ne ya zame mini ƙarfen ƙafa.

Firam ɗin na katako ne, an yi masa fentin mai, fari mai ɗan duhu. Ƙyauren yana da hinji uku, kuma kowanne an damɓara masa baƙin giris, irin na inji, da yatsa. Ga alama duk sanda ƙofar ta yi ƙara sai bawan Allahn nan ya ƙara lafta wani a kan na jiya, bai taɓa goge na farko ba. Yanzu abin ya yi kauri kamar kwalta, ya tsattsage kamar faso, ƙura da gashi da ɓurɓushin ƙarfe duk sun shige ciki. Na sa farce, farcen ne ya karye. Daga kowane hinji kuma akwai layin da ya zuraro ƙasa ya bushe, na tsakiya ya kai kamu biyu. Ramin sakata shi ma ya cika dam, sai an yi wa sakatar duka take shiga. Sannan akwai wuri na daban, daidai kafaɗata, inda yake dafawa in zai shiga. Wannan ba shi da kauri, ruwan ƙasa ne, amma da rana in gari ya yi zafi danƙo yake yi, in ka taɓa sai ka ji yatsanka ya manne.

Abin da na gwada: ruwan zafi da garin sabulun wanki da soso. Na yi kusan awa guda ina dirza, abin ko gezau. Sai wani ya ce mini in sa tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, wai tana cinye komai. Gaskiya ya faɗa, ta cinye komai ban da giris ɗin. Fentin da ke gefen hinjin sama ya yamutse ya tashi, wuri kamar faɗin tafin hannu, har katako ya bayyana, baƙin kuma ya ƙara bajewa a kan farin. Ga ciwon kai da na kwana da shi.

Gidan haya ne, ba ni da ikon cire firam in sa sabo. Me zan zuba wa abin nan ya saki? Kuma ta yaya zan tsira da sauran fentin?

Ɗan Gareji:

Wa alaikumus salam. Yallaɓai, fetur. Ka samu kwalba ɗaya da tsohon burushin haƙori, minti goma ka gama. Mu da shi muke wanke boris da giyar mota kullum, babu giris ɗin da ke yi masa gardama.

Baba Mai Fenti:

Ɗan Gareji, Allah ya shirye ka. Kai a fili kake aikinka, iska na kaɗawa ta ko'ina. Wannan bawan Allah a cikin gida yake, da mata da yara. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba sama yake tashi ba, ƙasa yake bi yana rarrafe kamar ruwa. Na taɓa yin wani yaro mai koyon aiki da ya zauna a ɗaki yana wanke burushi da fetur, wani ya ƙyasta ashana can a bakin ƙofa, taku biyar ko shida tsakaninsu. Da idona na ga wutar ta bi ƙasa ta same shi. Allah ya taƙaita, gira da gashin hannu kawai ya rasa, amma tun ranar ban sake barin fetur ya shiga ɗakin da nake aiki ba.

Malam Abban Nana, sannu da fama. Kuskurenka ɗaya ne, kuma kowa da shi yake farawa: ka nemi abu mafi ƙarfi. Tina an yi ta ne don ta narkar da fenti, to ta yi aikinta. Kuma saurin bushewa gare ta, kafin ta ratsa wannan ɓawon ta riga ta bi iska. Abin da kake buƙata shi ne mai sanyin hali wanda zai daɗe a wurin yana jiƙa shi. Kananzir, ko kuma farin ruwan nan da muke wanke burushin fentin mai da shi, wanda za ka ga an rubuta White Spirit a jikin gwangwaninsa. In ka samu na biyun ya fi, don ba ya barin maiƙo sosai kuma warinsa bai kai na kananzir daɗewa ba. In babu, kananzir ya wadatar.

Amma kada ka fara da zuba komai. Fara da kankara. Duk abin da ka cire a bushe, ka huta da narkar da shi, kuma narkakken giris shi ne ke bin fenti yana baƙanta shi kamar yadda ka gani. Ka shimfiɗa kwali ko tsohuwar jarida a ƙasa. Ka samu tsohon katin banki ko wani guntun roba mai tauri. Ban da wuƙa, ban da sukundireba, za su yage maka fenti su shiga katako. In akwai na'urar busar da gashi a gidan, ka hura wa wurin iska mai zafi na minti ɗaya ko biyu, za ka ga ya yi laushi yana tasowa a dunƙule. Ka lura da kyau, zafi kafin kananzir ne. Da zarar ka buɗe kwalbar, na'urar nan ta koma ɗakin mai ita.

Bayan ka kankare abin da zai kankaru, ka gwada kananzir ɗin a wurin da ido ba ya kaiwa, can ƙasa ta bayan ƙyaure. Ɗigo kaɗan a tsumma, ka manna minti biyar, ka goge. In launin fenti bai biyo tsumman ba, ka ci gaba. Fentin mai da ya shekara ba ya jin kananzir, amma ban ga naka ba, kuma ban san me ke ƙarƙashinsa ba.

Sai babban aikin, wanda ba aiki ba ne, jira ne. Ka yanka tsumman auduga daidai faɗin wurin, ka jiƙa shi ya jiƙu amma kada ya riƙa ɗiga, ka manna a kan giris ɗin, ka rufe da leda, ka kama gefen ledar da salatif. Ledar ita ce ke hana shi bushewa. Ka tafi harkarka minti ashirin ko talatin. In ka dawo ka ɗaga, ka sake bi da katin. Wurin da ya yi kauri zai nemi zagaye uku ko huɗu, kada ka ƙosa.

Wajen gogewa kuma, daga waje zuwa ciki ake yi, ka tattaro baƙin zuwa tsakiya. Kowace shafa ka juya tsumman zuwa gefe mai tsabta. Mutane na ɗaukar tsumma ɗaya su yi ta murzawa da shi har ya zama shi ne ke shafa wa ƙofar giris. Ka tanadi tsummoki da yawa, fari in da hali, don ka riƙa ganin abin da ke fita. Ka fara daga hinjin sama ka sauko.

Taga a buɗe, ƙofa a buɗe, yara su yi nisa. Ka sa safar hannu mai kauri, irin shuɗiyar nan. Farar siririyar ta asibiti kumbura take yi ta yage in ta sha kananzir. Tsummokin da ka gama da su kada ka cusa su a leda ka ajiye a lungu, ka baza su a waje su bushe nesa da wuta tukuna.

In an gama, dole ka wanke wurin da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, ka ɗauraye, ka tsane. In ka bar maiƙon kananzir, ƙura za ta dawo ta zauna, kuma sabon fenti ba zai kama ba.

Maman Ilham:

Baba Mai Fenti ya gama magana a kan baƙin. Ni zan ɗan ƙara dalili, saboda kimiyya nake koyarwa kuma abin yana ba ni sha'awa, sannan in yi magana a kan shatin hannun, don ina jin shi daban ne.

Giris ba abu ɗaya ba ne. Yawancinsa mai ne, sai wani irin sabulu da ake haɗawa da sinadari kamar litiyam ko kalsiyam, wanda ke riƙe man kamar yadda soso ke riƙe ruwa. In ya shekara a fili, man yana tsiyayewa a hankali, shi ne layukan da kake gani sun zuraro. Abin da ya rage a sama sabulun ne da ƙura da ɗan man da iska ta riga ta sauya shi. Wannan sabulun ba irin na wanka ba ne, an yi shi ne musamman don kada ruwa ya wanke shi, shi ya sa ka yi awa guda kana dirza a banza. Kananzir ɗan'uwan man da ya gudu ne, duk daga ɗanyen mai suke. In ya samu lokaci sai ya shiga gurbin da man ya bari, ɓawon ya koma laushi kamar yadda yake da fari.

Game da fetur kuwa, ga lissafin da zai sa a daina gardama. Fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa da wuta tun daga wajen digiri 43 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, wato babu sanyin da za a yi a ɗaki da zai hana shi. Kananzir sai ya kai wajen digiri 38 ko sama. Ba wai shi ba ya kamawa ba ne, a ranar zafi bai yi nisa da wannan iyakar ba, don haka shi ma a kiyaye. Amma tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce. Ruwan goge jan farce, wato asiton, shi ma ɓangaren fetur yake wajen kama wuta, kuma yana cin fenti da banish da wasu robobi. Na faɗa ne don na san wani zai zo ya ba da shawararsa.

To shatin hannu. Wannan gumi ne da maiƙon jiki da man inji, sun haɗu da iska shekara da shekaru har sun zama wani abu kamar banish. Irin wannan sau da yawa kananzir ba ya ɗaga shi gaba ɗaya. Abin da ke yi masa shi ne sodar wanki, cokali biyu a lita ɗaya ta ruwan ɗumi. Ka shafa, ka ba shi minti uku zuwa biyar, ka goge, ka ɗauraye da ruwa mai kyau. Kada ka bar shi ya daɗe, yana dusar da ƙyallin fenti.

Kuma don Allah sodar wanki na ce, ba soda mai ƙuna da ake haɗa sabulu da ita ba. Waccan tana cire fentin mai ɗungurungum, tana baƙanta wasu katakai, tana ƙona fata. Ni na yi wannan wautar a firam ɗin alminiyam na tagar kicin ɗina, ina malamar kimiyya guda. Ina kallo yana kumfa, na ɗauka datti ne ke fita, ashe ƙarfen ne take ci. Har yau wurin toka-toka yake.

Abu na ƙarshe, tunda akwai yara: kada ragowar kananzir ya kwana a gorar ruwa ko ta lemo. In kuma tsautsayi ya sa yaro ya sha, ba a sa shi amai, don yana iya faɗawa huhu. Asibiti kai tsaye.

Ɗan Gareji:

Tuba nake, Baba. Hajiya Malama ma ta ɗaure ni da lissafi. Na janye fetur a cikin gida.

Amma bari in ba da wadda na sani. Yallaɓai, hinjin kansa kada ka wahalar da kanka kana wanke shi a tsaye. Ka sa wani abu a ƙarƙashin ƙyauren ya tokare shi, ka kwance hinji ɗaya, ka jefa shi a gwangwani da kananzir ya kwana. Da safe burushi kawai za ka bi da shi. Ka mayar, sannan ka kwance na gaba. Ɗaya bayan ɗaya, kada ka cire duka ƙofa ta faɗo maka. Kan sukurorin zai cika da giris, ka sa ƙusa ka sakace shi tukuna in ba haka ba sukundireba zai riƙa zamewa ya cinye kan. Kuma in hinjin ya fita, za ka samu sarari ka goge katakon da ke bayansa.

Ramin sakata kuma man feshin nan na gwangwani, WD-40, ya fi dacewa da shi, saboda siririn bututun nan da yake zuwa da shi. Ka fesa, ka jira, ka sakace da tsinke da aka naɗa wa tsumma. Tun 1953 aka ƙirƙiro shi a Amurka don korar ruwa daga jikin ƙarfe, kuma yawancin abin da ke cikin gwangwanin mai narkarwa ne, ɗan man da ke ciki kaɗan ne. Shi ya sa yake sakin tsohon giris, kuma shi ya sa in ka fesa wa ƙofa mai ƙara take yin shiru kwana kaɗan ta dawo.

Abban Nana:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Na dawo da rahoto.

Ranar Asabar na tura yara gidan kakarsu na duƙufa. Na ari na'urar busar da gashin Maman Nana, bayan dogon bayani da alƙawarin ba za ta taɓa giris ba. Baba, abin da ka faɗa haka ya faru. Ina hura zafin sai na ga saman ɓawon ya fara ƙyalli kamar yana gumi. Na sa katin a ƙarƙashi na tura, sai ga shi ya naɗo kamar ɓawon itace, baƙi a waje, cikinsa kuma wani ruwan zuma-zuma. A hinjin tsakiya har ƙaramar wosha na tono a ciki. Kafin in taɓa kananzir na cire fiye da rabi.

Jiƙon ne ya gwada haƙurina. Zagayen farko na ɗaga ledar bayan minti goma don zumuɗi, saman kawai ya yi laushi. Na mayar na je na yi sallar azahar, na ci abinci, na dawo. Wannan karon da na ɗaga tsumman ya yi baƙi ƙirin, abin da ke ƙasa kuma ya koma kamar man shafawa, shafa ɗaya ya biyo. Hinjin sama da na ƙasa zagaye biyu-biyu, na tsakiya sai da ya ci huɗu. Layukan da suka zuraro ba su ba ni wahala ba ko kaɗan. Tsofaffin singileti uku na yayyanka, duk sun ƙare.

Hinjin ƙasa ban iya kwance shi ba, sukuru ɗaya kansa ya riga ya cinye, a tsaye na wanke shi da burushi. Sauran biyun sun kwana a gwangwani kamar yadda Ɗan Gareji ya ce. Ashe ruwan zinare ne launinsu, ni duk zatona baƙin ƙarfe ne. Sakata yanzu da ɗan yatsa ake tura ta.

Malama, shatin hannun kamar kina wurin. Kananzir ya ɗan rage shi amma danƙon na nan. Sodar wanki ce ta ɗauke shi, sai dai fentin wurin ya dushe, kuma na lura yana da laushi, in na danna farce yana shiga. Ina jin maiƙon ya riga ya lalata shi tun tuni.

Saura matsala ɗaya, kuma ni na jawo ta. Wurin da tina ta cinye fenti, narkakken giris ya shiga cikin katakon. Na goge har na gaji, inuwar baƙin tana nan, in na taɓa da farar takarda tana ɗaukar maiƙo. In bi shi da samfefa in shafa fenti a kai, ko yaya?

Kafinta Na Ƙofar Gida:

A'a Malam, kada ka shafa tukuna. Katako shan mai yake yi, in ka rufe shi yanzu, bayan 'yan makonni zai huda sabon fentin ya fito rawaya-rawaya, ko fentin ya ƙi bushewa a wurin. Tsotso shi za ka yi. Ka daka farin alli ya yi laushi, ka kwaɓa da farin ruwan wanke burushin da Baba ya ambata, ya yi kauri kamar man goge baki. A nan kam kada ka sa kananzir, shi ma zai zauna a katakon. Ka shafa da kauri, ka rufe da leda awa biyu, sannan ka cire ledar ka bar shi ya bushe da kansa har gobe. Yana bushewa yana janyo man zuwa cikin allin, za ka ga farin ya koma ruwan ƙasa. Ka kankare, ka maimaita har sai takardar nan taka ta daina ɗaukar maiƙo. Launin ba lalle ya fita duka ba, ba komai, maiƙon ne abin gudu.

Samfefa kuma a hankali. Ba ka san shekarun fentin da ke ƙasa ba, kuma tsohon fentin mai yana iya ƙunsar dalma. Amurka ma sai a 1978 ta hana shi a gidaje, wasu ƙasashen sun daɗe bayan nan ana sayarwa. Ɗakin yara za a yi, ƙurar dalma kuwa su ta fi yi wa illa. Ka jiƙa samfefar da ruwa, ka bi gefen wurin kawai don ya daidaita, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma ka zubar da shi. Bayan ya bushe sarai ka sa fentin ƙasa mai toshe tabo, shafi biyu, sannan na sama. Wurin dafa hannun da ya yi laushi, shi ma ka kankare shi ka haɗa su a aiki ɗaya.

Abban Nana:

Na yi allin sau uku. Na farko ya fito kamar ƙasa, na uku kusan fari, takarda kuma ta fita da tsabta. Fentin ƙasa yana bushewa yanzu haka. Sai dai tunda na wanke hinjin tas, ƙofar ta fara kuka, duk wanda ya shiga sai gidan ya sani. Ɗazu na tsinci kaina ina kallon gwangwanin giris ɗin da mutumin ya bari a kan taga.

Baba Mai Fenti:

Ajiye shi, Malam. Man keken ɗinki, ɗigo biyu a saman kowane hinji, ka buɗe ka rufe sau goma, ka goge abin da ya zuraro kafin ya taɓa fentin.